Mai jego da fitsari ya ƙi fita: wa ya fi kamawa, kuma me ake yi

A ɗakin haihuwa hankalin kowa kan tafi wuri uku: jariri ya yi kuka, mabiyiya ta faɗo, jini ya tsagaita. Da waɗannan sun samu sai a hau barka, a dama madidar hulba, a lulluɓe mai jego a ce ta huta. Mafitsara ba ta cikin lissafin kowa. Ita kuwa a daidai wannan lokacin take cika da sauri, kuma a daidai lokacin ne ta fi kasa sanar da mai ita cewa ta cika.

Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce, macen da ta haihu da kanta ta yi fitsari cikin awa 6, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rubuta hakan a takardarta. In awa 6 ta wuce babu ko ɗigo, fitsari ya riƙe a fili, kowa ya gani. Akwai kuma na ɓoye, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba: mace ta je ta yi, amma abin da ya rage a ciki ya kai mililita 150 ko fiye. Yawancin na ɓoyen kan warware da kansa cikin 'yan kwanaki. Kaɗan daga ciki ne ke rikiɗa ya zama babbar matsala, kuma mafi yawan waɗannan kaɗan ɗin ana iya nuna su da yatsa tun suna kan gadon naƙuda.

Mafitsarar babbar mace kan ɗauki mililita 400 zuwa 600, kuma tun ta tara kamar 200 ake fara jin fitsari. Ciki yana canza wannan. Sinadaran da jiki ke fitarwa don riƙe ciki suna sassauta tsokar mafitsara, ta riƙa ɗaukar abin da ya fi ƙa'ida ba tare da ta matsu ba. Bayan haihuwa kuma jiki kan shiga zubar da ruwan da ya tara cikin wata tara, har ƙoda ta iya fitar da lita 3 a yini a kwanakin farko. Ga ruwa na kwararowa, ga tsoka a sake, ga jijiyoyin da ke kai saƙo sun sha matsa. Tsokar mafitsara tamkar robar wando ce: in an ja ta daidai ta koma, in an ja ta ta wuce iyaka aka bar ta haka, ko an saki ba ta komawa yadda take. Cika guda ɗaya da ta haura lita 1 ta daɗe a haka ta isa ta bar mace tana fama makonni, wata ma watanni.

Doguwar naƙuda da haihuwar fari

Jijiyoyin da ke sa mace ta ji fitsari, da waɗanda ke ba mafitsara umarnin matsewa, daga ƙasan ƙashin baya suke fitowa su bi ta cikin ƙugu, ta hanyar da kan jariri zai bi. Duk mintin da kai ya yi a ƙasa yana danne su yana jan su. Yana kuma matse wuyan mafitsara da hanyar fitsari a jikin ƙashin mara, wurin ya kumbura. Hanyar fitsarin mace ba ta wuce santimita 4 ba, kumburi kaɗan ya isa ya toshe ta.

Saboda haka tsawon lokacin yunƙuri, wato daga buɗewar bakin mahaifa gaba ɗaya zuwa fitowar jariri, shi ne abin da ya kamata a fara tambaya. A haihuwar fari yawanci ba ya wuce awa 3, ga wadda ta saba kuma awa 2. Wadda ta kai wannan iyaka ko ta wuce, a sa mata ido ko da ta ce lafiyarta ƙalau.

A nan Sudan tambayar tana da wuyar amsawa, domin naƙuda da yawa ba a asibiti take farawa ba. Mace a ƙauyukan Gadarif ko gefen Mai Wurno ta kwana tana abu ɗaya a gida, da safe a nemo raksha ko a jira mota zuwa Sinnar, in damina ce hanya ta ƙara cin awoyi. Tun yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 asibitoci da dama sun rufe ko sun rage aiki, tafiyar ta ƙara nisa. Wadda ta iso a haka takardarta za ta nuna ta haihu minti 40 bayan zuwanta, sai a ɗauka haihuwa ce mai sauƙi. A tambayi wadda ta rako ta: tun yaushe ta fara nishi, kuma yaushe rabonta da fitsari? Sau da yawa amsar ta biyu ita ce babu wanda ya sani.

Ga lissafin da ake yawan kuskurewa. A ce mace ta yi fitsarinta na ƙarshe bayan sallar isha'i, wajen ƙarfe 9. Ta haihu da asuba, ƙarfe 5. In aka fara ƙirga awa 6 daga haihuwa, sai ƙarfe 11 na safe za a ce lokaci ya yi, alhali mafitsararta ta yi awa 14 ba a zubar ba, ga ƙarin ruwa leda 3 ko 4 da aka ɗura mata a tsakani, kowace leda rabin lita. Agogon gaskiya yana farawa ne daga lokacin da mafitsara ta zama wofi na ƙarshe. Shi ya sa ake so mai naƙuda ta riƙa fitsari duk awa 2 zuwa 4, in ta kasa kuma mara ta cika a sa robar fitsari a zuƙe a cire. Cikakkiyar mafitsara ma kanta tana tare wa jariri hanya, ta ƙara wa naƙudar tsawo.

Mai haihuwar fari ta fi kowa shiga wannan hali. Naƙudarta ta fi tsawo, jikinta bai taɓa buɗewa ba, ita aka fi yi wa ƙari, wato yankan da ake yi a gaba don faɗaɗa wa jariri hanya, ita aka fi jawo wa jariri da na'ura. Sannan ga kunya. Yarinyar da aka rena a kan cewa ba a kuka a naƙuda, wadda ko sunan ɗan farinta ba za ta faɗa ba, ba ita ce za ta buɗe baki a gaban uwar miji da ɗaki cike da 'yan barka ta ce fitsari ya ƙi fita ba. In aka tambaye ta a gaban mutane, "Kin yi?" za ta sunkuyar da kai ta ce e. Ungozoma mai hankali kan fitar da kowa tukuna, ta zauna a bakin gado ta ce, "'Yata, da kika je, da yawa ya fito ko ɗan kaɗan? Da ƙarfi ya zo ko ɗigo-ɗigo? Da kika tashi kin ji kin gama?" Amsar waɗannan uku ta fi "e" ɗin farko amfani sau goma.

Na'ura, ƙari, da ɗinki

Cikin abubuwan da bincike ya sha nunawa, jawo jariri da na'ura yana sahun gaba, ko da mai zuƙa ce da ake mannawa a kai, ko ƙarfen nan mai kama da cokula biyu. Dalili biyu ne suka haɗu: galibi ba a ɗauko na'ura sai naƙuda ta riga ta yi tsawo, sannan ita kanta tana ƙara jan jijiya da kumburi. Ƙa'ida ce a zubar da fitsari da roba kafin a sa na'urar. Babban jariri, mai kilo 4 ko fiye, yana yin irin wannan ɓarna ko ba na'ura, haka ma wanda ya taho fuskarsa na kallon gaban uwar maimakon bayanta. Danna cikin mace daga sama don a turo jariri, wanda har yanzu ake yi a wasu wurare, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda da shi ba, kuma in mafitsara na cike ita ma tana shan matsar.

Ƙari da ƙaruwa, wato yagewar gaba wajen haihuwa, ta wata hanya suke kawo matsalar. Kafin fitsari ya fita sai tsokokin ƙasan ƙugu sun saki. Macen da ke da sabon ɗinki, da zarar ta tsuguna ta tuna zafin da fitsari zai yi a kan ciwo, sai jikinta ya ɗaure da kansa ba da niyyarta ba. Ƙaruwar da ta kai dubura ta fi tsanani, amma 'yar ƙaramar tsagewa a gefen kafar fitsari, wadda wani lokaci ko ɗinki ba ta buƙata, tana iya hana mace fitsari yini guda saboda raɗaɗi. Basir da ya fito wajen nishi da bayan gida mai tauri suna ƙara ɗaure wurin. Akwai kuma taruwar jini a ƙarƙashin fata: gefe ɗaya na gaba ya kumbura ya yi tauri ya yi duhu, mace na kukan ciwon da ya fi ƙarfin ɗinkinta, tana jin kamar bayan gida ya matse ta. Wannan aikin likita ne a take, domin jini ne ke zuba a ciki.

Kaciyar mata ba za a tsallake ta ba in ana maganar Sudan. Binciken ƙasa na 2014 ya nuna kusan 87 cikin 100 na matan da ke tsakanin shekara 15 da 49 an yi musu, kuma nau'in da ake ɗinke gaba, wato ta fir'auna, ya yaɗu ƙwarai. Al'ada ta bambanta daga gida zuwa gida da ƙabila zuwa ƙabila, amma ungozomar da ke aiki a Wad Madani ko Kasala ko Damazin ba za ta yi mako ba ta gamu da ita ba. Mai irin wannan kaciya dama can fitsarinta a hankali yake fita, ta bayan tabo, har ta saba da daɗewa a makewayi, saboda haka ba ta saurin gane cewa abin ya canza. A naƙuda tabon ba ya buɗewa, sai an tsaga shi ta gaba, sau da yawa a haɗa da ƙari, ciwo ya zama biyu. In ba a tsaga da wuri ba kafar fitsari na ɓoye a ƙarƙashinsa, sa roba ya gagara. Abin da ya dace bayan haihuwa shi ne a ɗinke kowane gefe daban, a bar kafar fitsari a buɗe. Mayar da ɗinkin yadda yake, wanda ake ce wa adal, yana rufe kumburarren wuri a kan hanyar da fitsari zai bi, ya kuma rufe wa mai son taimako ƙofa. Tun 2020 dokar ƙasa ta haramta kaciyar mata, da hukuncin ɗaurin da ya kai shekara 3. Ko ba doka, ta fuskar mafitsara kaɗai adal ba shi da hujja.

Magunguna ma suna da nasu kason. Allurar baya ta kashe zafin naƙuda tana kashe jin fitsari tare da zafin, kuma mafitsara na iya yin awa 8 bayan allurar ƙarshe kafin ji ya dawo, ƙafafu sun daɗe da warwarewa. Ba ta yawaita a asibitocin karkara ba, amma masu haihuwa a asibitocin kuɗi da 'yan'uwanmu da ke Jidda da Makka su sani. Allurar Pethidine da danginta suna rage ƙarfin matsewar mafitsara. Buscopan, da ake yi wa wasu da nufin sassauta bakin mahaifa, aikinsa ke nan sassauta irin wannan tsoka. Ruwan naƙuda kuwa yana sa ƙoda ta riƙe ruwa muddin yana shiga, da an cire sai ta sake shi gaba ɗaya, mafitsara ta cika cikin ɗan lokaci. Wadda aka sa wa hannu aka ciro mabiyiya, da wadda ta taɓa samun wannan matsala a haihuwar baya, su ma suna cikin lissafi.

Yadda ake ganewa

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne rashin ciwo. Namiji in fitsari ya riƙe shi, unguwa za ta ji. Mai jego kuwa tana iya kwanciya da lita ɗaya da rabi a mararta tana shayar da jariri tana hira. Na biyu shi ne ɗigo. In mafitsara ta cika maƙil sai ta riƙa tumbatsa, mace ta riƙa zuwa makewayi duk rabin awa tana yin ɗan kaɗan, ko ta ga ƙunzugunta a jiƙe ba ta san lokacin da ya fito ba. Masu jinya su ce ai fitsari ma yawa yake mata. A haka ake sallamar mace ta koma gida, ta dawo bayan kwana 4 da ciki kamar ba ta haihu ba.

Hannu yana faɗin gaskiya. A sa ta je ta yi iya yinta, ta dawo ta kwanta rigingine ta ɗan lanƙwasa gwiwa. Mahaifar da ta haihu yau tana daidai cibiya ko ɗan ƙasa, a tsakiya, da tauri. In aka same ta sama da cibiya ta karkata gefe, galibi dama, wani abu ne ya ture ta. A gangaro da tafin hannu zuwa mara: za a ji wani kumburi daban, mai santsi, mai ɗan laushi, a gaban mahaifar, wani lokaci har ido na ganin tudu biyu da ɗan kwari a tsakaninsu. In aka ɗora yatsa aka ƙwanƙwasa, sautin a toshe yake, ba irin na hanji mai iska ba. A danna a hankali a kalli fuskarta, ko a duba ko fitsari ya tsarto.

Mahaifar da aka ture ba ta matsewa yadda ya kamata, jini ya ƙaru. Duk mai jegon da jininta ya yi yawa, zubar da fitsari na cikin abubuwan farko da ake yi, tare da murza mahaifa da allura.

Na'urar hoton mafitsara tana taimakawa inda take, duk da cewa a kwanakin farko takan ruɗe da mahaifa da gudajin jini. Inda babu, awo ya isa. A yanke kan gorar ruwa ta rabin lita, ko a sami kwano mai ma'auni, ta yi a ciki. Fitsarin farko da bai kai mililita 150 zuwa 200 ba, ga macen da ta sha ruwa aka kuma yi mata ƙarin ruwa, bai gamsar ba. A ƙauye ungozoma, wadda ake ce wa daya, ita ce ke kan haihuwa, kuma wannan awo ba ya buƙatar komai da ba ta da shi.

Abu biyu ne ke kama da riƙewar fitsari amma ba shi ba ne. Na farko, mafitsara wofi: in aka sa roba aka sami ɗan kaɗan mai duhu, ƙoda ce ba ta yi ba, saboda zubar jini, ko ƙarancin ruwa, ko hawan jinin ciki da jijjiga, ko ƙwayar cuta a jini. Ƙasa da mililita 30 a awa alama ce ta haɗari, a kai ta babban asibiti. Na biyu, yoyon fitsari. Bayan naƙudar da ta toshe ta daɗe, naman da kai ya matse yakan mutu ya zube bayan kwana 3 zuwa 10, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa dare da rana, mara kuma ba kumburi. Wadda ta sha irin wannan naƙuda ana barin mata roba kamar mako 2 tun daga farko, don a hutar da mafitsara, ƙaramin rami ma yakan rufe da kansa a haka.

Abin yi

Kada a jira awa 6 ta cika. A awa ta 4 a tashe ta. A fara da maganin ciwo, a ba shi rabin awa ya kama: Paracetamol giram 1 duk awa 6, kada a wuce giram 4 a yini, a haɗa da Ibuprofen miligiram 400 duk awa 8 bayan abinci in ba ta da gyambon ciki, ciwon ƙoda, hawan jinin ciki mai tsanani ko zubar jini. Duka biyun ba sa hana shayarwa. Ƙanƙara a naɗe cikin tsabtataccen ƙyalle, minti 10 zuwa 15 a kan kumburi, tana rage shi. A riƙe ta a kai ta makewayi da ƙafarta in jiri bai hana ba, a rufe ƙofa a tsaya a waje. Tasa a kan gado a bayan labule, ga mutane na kai da kawowa, ba kowace mace ce jikinta zai saki a haka ba. Ta tafi da buta da ruwa mai ɗumi ta riƙa zubawa a gabanta yayin da take ƙoƙari. Ɗumin na sassauta tsoka, ruwan kuma na surka fitsarin ya rage raɗaɗi. Ta karkato gaba, kada ta yi nishi. In ya fito ta tashi tsaye, ta ɗan jira minti 1 ko 2, ta sake tsugunawa. Wadda tsuguno ke ja mata ɗinki a sama mata kujera mai rami.

In awa 6 ta cika babu, ko kafin haka in mara ta kumbura ko tana ciwo, roba ce magani, kuma babu abin kunya ko tsoro a cikinta. Roba mai kauri lamba 12 ko 14 ta isa. A wanke hannu, a sa safar hannu mai tsabta, a samu haske sosai domin kumburi na ɓoye kafar, a goge daga gaba zuwa baya, a shafa man santsi. A tura santimita 5 zuwa 6 har fitsari ya fito, a ƙara kamar santimita 2 ko 3 kafin a hura balan-balan ɗin bakinta, mai riƙe ta a ciki, da mililita 10 na ruwan allura, in robar zama ce. Hura ta tun tana cikin hanya yana yaga wurin. In ta kauce ta shiga farji, a bar ta a nan ta zama alama, a ɗauko sabuwa. A bar fitsarin ya fita duka, daddatse shi kashi-kashi da wasu ke yi ba a ga amfaninsa ba. A auna abin da ya fito a rubuta, domin shi ne zai yanke hukunci.

Asibitoci sun ɗan bambanta a kan lambobi, amma tsarin kusan ɗaya ne. Ƙasa da rabin lita, a cire robar a sake gwadawa. Tsakanin rabin lita da lita 1, a bar ta awa 24. Sama da lita 1, kwana 2 zuwa 3, wasu likitocin har mako. Jakar da fitsarin ke taruwa a ciki ta kasance ƙasa da mara kullum, ba a kan gado ba, ba kuma a ƙasa cikin turɓaya ba. A ɗaure ta a ƙafar gado, a lura kada bututun ya lanƙwashe a ƙarƙashin cinya. Mace na iya komawa gida da ita a ƙarƙashin zane, ta yi suna da ita babu wanda ya sani.

Cirewa da safe ake yi, don a sami yini guda na lura. Ta sha ruwa daidai, lita ɗaya da rabi zuwa 2 a yini, ta gwada cikin awa 4 ko ta ji ko ba ta ji ba. A auna fitsari biyu ko uku a jere, a duba abin da ya rage. In kowane ya haura mililita 200, saura kuma bai kai 150 ba, an wuce wurin. In ya gagara a mayar da roba na mako guda, ko a koya mata sa 'yar siririyar roba da kanta duk awa 4 zuwa 6, yadda abin da ke taruwa ba zai wuce rabin lita ba. Mata kan koya cikin yini ɗaya da madubi. Yawanci komai kan daidaita cikin kwana 3, wadda ta wuce haka tana buƙatar likitan mata ko na mafitsara ya bi ta.

Kuskuren da ya fi muni shi ne allurar Lasix. Ana ganin ba fitsari sai a ce a yi allurar sa fitsari, alhali ƙoda na aikinta, mafita ce babu. Allurar ƙara cika abin da ya riga ya cika take yi. Ɗura mata shayi da zoɓo kofi bayan kofi don "ya turo" shi ma haka ne. Danna mara da ƙarfi ba ya buɗe hanyar da ta kumbura, yana iya tura fitsari baya zuwa ƙoda. Akwai kuma masu rage shan ruwa don gudun zafi, a wannan rana ta Sudan. Fitsarin ya yi kauri ya ƙara raɗaɗi, bayan gida ya yi tauri, ƙwayar cuta ta samu wurin zama.

Ruwan wankan jego in mai ɗumi ne yana taimakawa, zama a cikinsa ma wata takan samu fitsari ya zo. Tafasasshe kuwa a kan wurin da ya kumbura kuma jinsa bai gama dawowa ba, ƙuna yake yi mace ba ta sani ba. Zaman duhan ma, wato turaren hayaƙi da mata ke zama a kai, a bari sai ɗinki ya warke kuma an cire roba.

Matan da ake sallama awa 2 ko 3 bayan haihuwa saboda ƙarancin gado su ne abin ya fi kuɓuce wa, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a zauna awa 24. In ba makawa sai an tafi, mai rakiya ta san sharaɗin: fitsari mai yawa sau ɗaya a gabanta kafin a hau mota. A gida, makon farko, mai jego ta riƙa zuwa makewayi duk awa 3 ko da ba ta ji ba, da dare kuma duk sanda ta tashi shayarwa. A koma asibiti a ranar, ba gobe ba, in awa 6 ta wuce babu fitsari, ko yana fita ɗigo-ɗigo ga mara a kumbure, ko tana jiƙewa ba ta sani ba, ko zazzaɓi ya zo da ciwon kwiɓi. Zazzaɓin mai jego a nan kowa maleriya yake fara kawowa a rai, a yi gwajinta, amma a gwada fitsari ma. Wadda aka taɓa sa wa roba saboda wannan matsala ta faɗa wa ungozoma tun a awon ciki na gaba, a rubuta a katinta, domin a fara auna mata fitsari tun daga naƙuda.